Kailu a Rumbun Ganga

Ranar da Kailu ya sauko daga motar Yamai, kafin ya je gaida uwarsa sai da ya tsaya majalisar mai shayi. Ya shimfiɗa wata 'yar tabarmar roba shuɗiya a gindin gawo, ya zauna, ya kama ƙafarsa ta dama da hannu biyu, ya ɗaga ta ya rataye a bayan wuya kamar jakar mafarauci. Sannan ya ce a miƙo masa shayi.

Dattawan Rijiyar Gawo suka ɗauki salati.

"Ku rage salatin, wanga kaɗan ne," in ji Kailu daga ƙarƙashin gwiwarsa. "A Yamai in na shiga gidan motsa jiki, masu koyarwa ma tsayawa sukai suna ɗaukata hoto a portabul, wayar hannu ke nan. Ku shaida, bana ni zan ja 'yan kokowar garinga zuwa Filinge."

Gidan motsa jikin kam ya shiga, kullum ma, don shi ke share shi. Laushin jiki kuwa da shi aka haife shi. Tun yana goye uwarsa ke juyowa ta tarar yana tsotsar babban yatsan ƙafa.

To, jagorancin 'yan kokowa a Rijiyar Gawo ba da baki ake karɓarsa ba. Gangar kokowar garin tana cikin wani tsohon rumbun ƙasa a ƙofar gidan Mai Gari Alu, inda gara da awaki ba sa kai mata. Rumbun dogo ne, bakinsa can sama, ƙunci gare shi kamar wuyan tulu. Duk shekara bayan girbi, wanda zai ja samari zuwa gasa shi ke hawa gaban jama'a, ya shiga ta bakin, ya miƙo ganga, ya fito ta inda ya shiga. Shekara da shekaru Magagi ke yin haka. Ƙato ne mai wuya kamar turmi, wanda tun daga Sanam har Bankuku ba a taɓa ganin bayansa a ƙasa ba. Amma jiki ya fara ƙagewa. Bara sai da ya yi ta nishi a bakin rumbun har mata suka tafi suka sauke tukunya suka dawo.

Magagi na zaune a majalisar. Ya juyo gaba ɗaya, don wuyansa ba ya juyawa shi kaɗai.

"Kai ɗan Rabi, ka taɓa kama mutum?"

"Kama mutum aikin da ne, Magagi. Yanzu ilimi aka yi. Duk wanda ya kama ɗalibina, kamar ya kama ruwa ne."

"To sauke ƙafar ka sha shayin."

"Sai na ga dama."

Bai ga damar ba sai da shayin ya huce, don hannunsa ɗaya na riƙe da kofi, ɗayan kuma shi kaɗai ya kasa sauko da ita.

Washegari ya buɗe makaranta a bayan gari. Samari suka zo, wasu don koyo, yawanci don kallo. Ya jera su ya ce kowa ya buɗe ƙafafu, shi kuma yana bi yana danna musu kafaɗa yana ihu, "Numfashi! Numfashi!" Kafin kasuwa ta zagayo, 'yan kokowar Rijiyar Gawo duk tafiyar agwagwa suke yi. Wani ya je ɗaukar damin gero ya durƙusa ya kasa miƙewa, sai da uwarsa ta zo har makarantar da muciya a hannu.

"Ciwon nan shi ne shaidar aiki, Inna," in ji Kailu yana ja da baya. "Tsohon jiki ne ka fita, sabo na shigowa."

"In sabon bai iso ba kafin magariba, kai za ka ɗauko mini damin!"

Da ya ga ɗalibai sun fara raguwa, sai ya dawo da makarantar kusa da gidansu, ya ƙirƙiro na'ura. Ya ɗaura igiya a idon sawunsa, ya jefa ta bisa reshen gawo, ya ce da ja kaɗan-kaɗan ƙafa za ta kai kunne ba wahala. Da zai gyara tsayuwa, ya rasa inda zai ɗaure ɗaya bakin igiyar, sai ya ƙulla shi a igiyar ragon uwarsa da ke kwance a inuwa yana tuƙa. Ana cikin bayani Inna Rabi ta fito ƙofar gida da ƙwaryar dusa, ta kira ragonta.

Rago ya miƙe. Ƙafar Kailu ma ta miƙe. Ta wuce kunne, ta wuce kai, ta nuna sama kamar sandar tuta, shi kuma yana tsalle da ƙafa ɗaya yana kaɗa hannaye.

"Inna! Koma da dusar!"

"Mi ka ce?"

"Ɓoye dusar!"

Inna Rabi ba ta ji da kyau, sai ta ƙara kaɗa ƙwaryar. Rago ya ƙara ja. Da aka kwance shi, Kailu ya kakkaɓe wando ya dubi samarin da ke birgima don dariya.

"Kun gani? Da wani ne, da tuni ya rabe biyu. Da gangan na yi."

Ana cikin haka Habsa ta zo hutu. 'Yar kawunsa ce, taubashiyarsa, tana aiki a Yamai wurin da ake gyara wa mutane gaɓoɓi bayan karaya ko shanyewar jiki. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu lafiya ba. A tasha ta fara ganinsa, zai hau bayan motar kasuwa. Sauran mutane suna ɗaga ƙafa su taka su haye. Kailu kuwa sai ya sunkuya, ya tallabo cinyarsa da hannu biyu, ya ajiye ƙafar a kan ƙarfe kamar mai ɗora buhu, sannan ya bi ta.

Da yamma ta same shi a majalisa, ƙafa a wuya kamar kullum.

"Taubashi, sannu da rataya."

"Habsa, ki gaida malaminki da ladabi."

"Na gaishe ka. Sauke ta, ka mayar da ita can ba tare da ka sa hannu ba."

"Don mi?"

"Don in ga ko taka ce ko aro ka yi."

Majalisa ta ce, "Ahaf!" Kailu ya sauke ƙafa, ya miƙe. Habsa ta jawo turmin da ke kife a gefe, ta ɗora wata ƙwarya a kai.

"Na rage maka. Ba wuya ba, nan kawai. Taɓa ƙwaryar da dugaduginka, ka riƙe har in gama gaida Baba Mai Gari."

Kailu ya harɗe hannaye a baya. Ƙafa ta tashi, ta kai gwiwa, ta wuce kaɗan, ta fara rawa kamar ta mai zazzaɓi, ta faɗo. Ya sake. Ta sake faɗowa.

"Wandon ne. Telan Yamai ya matse shi."

"Ɗazu da ka kai ta wuya wandon wa ke jikinka?"

"Ɗazu ban ci tuwo ba."

"Ka ji, taubashi," in ji Habsa, "laushi kam kana da shi, har ya yi maka yawa. Laushi shi ne iyakar inda za a iya kai ƙafarka, ko hannu ya kai ta, ko igiya, ko rago."

"Wa ya gaya miki zancen rago?"

"Tun a hanya, a tashar Balleyara, na ji shi. Amma akwai abu na biyu: inda kai da kanka za ka kai ta da ƙarfin gaɓarka, ka riƙe ta can, ka maido ta lokacin da ka so. Wannan ba ka da shi. Ƙafarka baƙuwa ce, sai an yi mata rakiya."

Magagi ya yi dariya har benci na girgiza. "Gaya mishi, ɗiyata! Ƙarfi shi ne magana!"

"Kawu Magagi, kai kuma taɓa mini yatsun ƙafarka."

Dariyar ta tsaya. Magagi ya miƙe, ya sunkuya, wani abu ya ce ƙas a bayansa. Hannayensa suka tsaya a gwiwa, suna kallon yatsun daga nesa.

"Mi zan yi da su? Suna nan inda na bar su."

"Kai kana da ƙarfin tuƙawa amma hanya ta toshe. Shi hanya a buɗe take har Makka, ba mai tuƙawa. Da za a dama ku wuri ɗaya, da an sami mutum guda mai kyau."

"Hassada ce," in ji Kailu yana naɗe tabarmarsa. "Mu haɗu a bakin rumbu."

Ranar ɗauko ganga gari ya cika ƙofar Mai Gari. Motar da za ta kai 'yan kokowa Filinge na tsaye a gefe, samari sun sha guraye da layu. Musa makaɗi na ta murza hannu, yana jiran gangarsa. Mai Gari Alu ya zauna bisa kujera ya ce tunda bana mutum biyu ke so, sabon shiga ya fara.

Kailu ya fito da wata riga mai ɗame jiki, koriya shar kamar ganyen yakuwa. Ya hau tsani, yana taimaka wa ƙafa da hannu a ɓoye kamar mai sosa cinya. Da ya kai sama ya cire hular ciyawar rumbun, ya juyo ga jama'a.

"Ku buɗe ido, ba zan maimaita ba!"

Gaskiya a faɗe ta, shigar ta yi kyau. Ya naɗe kamar tabarma, kafaɗa ta bi gwiwa, gwiwa ta bi kunne, ya zurare ciki sumul ko ƙura bai tayar ba. Mata suka rangaɗa guɗa. Magagi ya sunkuyar da kai, iyakar yadda wuyan ya yarda. Jim kaɗan ganga ta leƙo ta bakin rumbu, aka karɓe ta hannu da hannu har wurin Musa.

Saura fita.

A cikin rumbun akwai wani guntun itace da aka kafa a bango, daidai ƙirjin mutum. Mai fita zai yi tsalle ya kama bakin rumbu da hannu biyu, ya ɗaga ƙafa ya taka itacen, ya tura kansa sama. Kailu ya yi tsalle, ya kama baki. Ya ce wa ƙafa bismilla. Ƙafa ta taso ta kai rabin hanya ta tsaya tana rawa. Ya saki hannu ɗaya don ya ɗauko ta, ɗayan ya zame, ya faɗo tim a kan ƙaiƙayi.

Ya sake dabara. Ya fara ɗora ƙafar a kan itacen da hannu, ta hau lafiya lau. Amma yanzu ƙafa ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa, bakin rumbu ya yi nisa, kuma ba ƙarfin da zai tashe shi daga wannan buɗewa. Ya tsaya haka kamar almakashin tela.

"Jama'a!" ya kira.

A daidai lokacin Musa ya gama ɗaure tsarkiya ya saki kiɗa. Gari ya ɗauka.

"Kailu na Rabi, macijin rumbu! Kailu ba ƙashi, ba jijiya! Shiga ba sallama, fita ba ban kwana!"

"Ku miƙo igiya!"

"Kun ji shi, shina amsa kirari!" in ji Musa, ya ƙara wuta.

Samari suka shiga rawa. Direba ya danna oda. Mai Gari ya dubi rana, ya dubi rumbu. Habsa ce ta matsa ta kara kunne a bango, ta ɗaga hannu aka tsai da kiɗa.

"Taubashi, lafiya?"

Muryar ta fito daga ciki kamar ta mai magana a cikin randa. "Lafiya lau. Ina duba ginin ne."

"Ya ginin?"

"Itacen nan an kafa shi ba bisa ilimi ba."

"Kakanninmu sunka kafa shi!" in ji Mai Gari. "Tsoho mai furfura ya taka shi ya fito!"

"To a da ƙasan rumbun bai yi zurfi haka ba, Baba."

"Ɗaga ƙafar ka taka mana," in ji Habsa.

"Hannuna na aiki."

"Da hannu ake takawa?"

Can sai muryar ta ce, ƙasa-ƙasa, "Habsa, don girman zumunci, akwai wani abu nan mai ƙafafu da yawa, kuma shi duk nashi suna aiki."

Dariya ta tashi har kaji suka watse. Inna Rabi ta kutsa cikin taro tana cewa a fito mata da ɗanta, ko a saka mata shi a rumbun gidanta inda za ta riƙa ba shi fura.

Magagi ya miƙe, ya gyara guru. "Ku ba ni wuri. Yau za a san wa ke da rumbu."

Ya hau tsani, tsani na kuka. Ya sunkuya zai miƙa hannu ciki, baya ya ƙi. Ya ce to bari ya shiga ya turo yaron daga ƙasa. Ya zura ƙafar dama ta shige har cinya. Ta hagu kuwa, da aka ce ta lanƙwashe ta bi 'yar'uwarta, ta ce ba da ita ba. Ta tsaya a waje a miƙe kamar taɓarya. Ya ja baya, ƙugu ya cije. Ya tura gaba, ƙugu ya ƙara cijewa. Magagi ya zauna daram a bakin rumbu kamar marfin da aka yi don shi.

"Wa ya kashe rana?" Kailu ya yi ihu daga ciki.

"Rufe mini baki!"

"Kai ka rufe na rumbu! Magagi, dugaduginka na bisa hancina. Yaushe rabonka da dutsen goge kaushi?"

"In na sauko za ka sani!"

"Sauko mana!"

Direba ya sake danna oda, ya ce shi fa in rana ta karkata zai tafi ko da awaki ne. Samari suka kama ƙafar Magagi ta waje suna ja, yana rantsuwa zai karya duk wanda ya gane muryarsa. Wata tsohuwa ta kawo man shanu a shafa masa a ƙugu. Wani ya ce a kira ragon Inna Rabi.

Habsa ta hau tsani ta tsaya dab da Magagi, ta leƙa ta wata 'yar kafa.

"Taubashi, yau ranarka ce. Wannan ƙugun laushi yake so, kai ne malaminsa. Kama ƙafar ta ciki ka juya ta a hankali. Kawu, kai kuma saki jiki, daina faɗa da rumbu."

Murya ta canza nan take a cikin rumbun, ta koma ta malami. "A ƙarshe dai an zo ga ilimi. Magagi, numfashi! Ja ta hanci! Saki ta baki! Ka ce, na bi malam."

"Ba zan ce ba!"

"To mu kwana."

Magagi ya dubi sama, ya dubi garin da ya taru yana kallon ƙafarsa. "Na bi malam," ya ce ta cikin haƙora.

"Ba a ji ba a baya!"

"Na bi malam, Allah shi isa!"

Abin mamaki, da ya saki numfashi, Kailu na murzawa daga ciki, Habsa na lanƙwasa gwiwa daga waje, sai ƙugun ya saki. Ya saki fiye da yadda aka roƙa. Ƙafar hagu ta shige, sauran Magagi ya bi ta gaba ɗaya. Aka ji rugum, ƙura ta yi sama ta bakin rumbu, sai wata siririyar murya: "Tashi... wanga cikina ne."

Yanzu rumbu na da mutum biyu.

Magagi bai tsaya gardama ba. Ya cafki malaminsa ta ƙugu, ya ɗaga shi da hannu ɗaya kamar ɗan akuya, ya cusa shi sama. Kan Kailu ya ɓullo, fari fat da ƙaiƙayi, yanar gizo na lilo a kunnensa. Da ya sauko salin-alin da an gama. Amma ya ga taro, ya ga Musa da ganga. Ya zauna a gefen bakin rumbu, ƙafa ɗaya na ciki har yanzu, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, kun shaida! Ni na shiga, ni na fito da ganga, ni na yi wa Magagi magani! Musa, kiɗa!"

Ya kama ƙafarsa zai rataya a wuya don rufe taro. A daidai nan Magagi ya taka itacen ciki, ya damƙi ɗaya gefen bakin da hannayen nan nasa, ya ja da duk ƙarfin da Allah ya ba shi.

Rumbun ya ga shekaru, ya ga fari, ya ga fara, amma bai taɓa ganin irin wannan rana ba. Ya ce ƙaƙas. Tsaga ta sauko daga wuya har gindi. Habsa ta yi tsalle daga tsani. Sai bango ya buɗe kamar an fasa kankana, ya zubo da su gaban kujerar Mai Gari: Magagi a zaune da guntun bakin rumbu a hannu, Kailu a kan cinyarsa, ƙafa a wuya.

Ƙura ta kwanta. Mai Gari Alu ya kakkaɓe rawaninsa a hankali.

"Al'ada ta ce jagora shi fito ta inda ya shiga. Wa ya fito ta baki?"

"Ni na kusa, Baba," in ji Kailu.

"Bakin na hannuna," in ji Magagi.

"Na gani. Musa, kai ke riƙe da ganga, kai za ka ja su bana. Habsa, bi su, ki gyara musu tafiyar agwagwar nan kafin a shiga fili. Ku biyu kuwa, ga ƙasa can bakin tafki. Ba mai zuwa Filinge sai rumbu ya tsaya."

Mota ta tashi da kiɗa da guɗa. Habsa ta leƙo daga baya tana ɗaga hannu.

"Taubashi! In kana kwaɓa ƙasa, ƙafar ta riƙa ɗaga kanta! Kawu, kai ka riƙa sunkuyawa kana ɗiba!"

Kailu bai kula ta ba. Ya samu ya warware, ya miƙe, yana zagaya kangon rumbun yana auna shi da ido, hannu a ƙugu, kamar injiniyan da aka aiko daga Yamai.

"Baba Mai Gari, faɗuwar nan alheri ce. Dama ginin tsohon yayi ne. Ka bar mini tsarin sabon, baɗi ko gardama ba za a yi ba, ni ne jagora."

"Wane irin tsari?"

"Ƙofa za mu yi mishi. Daga ƙasa."